Faya-fayan Surukina

Na Allah muke, gare shi za mu koma, kuma surukina ya riga mu tafiya. Ya rasu a Guangzhou, a ɗakin da yake haya kusa da tashar jirgin ƙasa, da hantsi, yana jingine da bango da kofin shayi a gefensa. Ni a ranar ina tashar jirgin ruwa ta Huangpu ina tsaye a kan lodin kwantenarmu, sai da yamma na dawo na tarar an rufe shi da mayafi. Bayan zirga-zirgar takardu ta kwana biyu, Musulmin garin 'yan China suka taimaka mana muka kai shi makwancinsa. A shekarun nan na dab da dubu biyu, mu Hausawan da ke saro kaya a garin ba mu cika ɗaki biyu ba, kowa ya san takalmin kowa.

A ɗakin wani ɗan zangon Kumasi, wanda yake yi mana lodi, aka yi zaman makoki. Tun ranar farko na ji wani abu bai yi mini daidai ba. Mutum zai shigo, ya ba ni hannu, ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Alhaji," sai ya ƙara da cewa, "Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira." Na farko ya faɗa, na ce amin. Na biyu ya faɗa, na ce amin. Wani ɗan Maraɗi ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan Adam ke nan, mu dai ba mu ga komai ba." Wani kuma, wanda Baba, surukin nawa, ya koya wa ciniki da hannunsa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah mai gafara ne, ko da zunubi ya kai tudu." Babu wanda ya ce mutumin kirki ne. Kwana biyu cur ina zaune, ban ji kalmar nan daga bakin kowa ba.

Rana ta uku na ja ɗan Kumasi gefe, na ce, "Don Allah me ake ɓoye mini?"

Ya yi ta murza hularsa. Ya ce, "Masa," wato maigida a bakinsu, "ka tambayi Baffanku. Ni dai riƙe leda kawai na yi."

Baffa ƙanen marigayi ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Al'adarmu a can, idan ɗan kasuwa ya rasu, ɗan'uwansa mafi kusa shi ke shiga ɗakinsa ya haɗa kayansa kafin kowa ya gani. Abin da ya kamata ya je gida a sa a kwantena, abin da zai ba iyali kunya a kawar da shi, a yi shiru. Rufin asiri muke ce masa, kuma ban taɓa ganin aibinsa ba sai ranar nan. Na samu Baffa a bakin matakala, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, akwai wani kwali a ƙarƙashin gadon Baba. Ina yake?"

Ya dube ni kamar ni ne na yi abin kunyar. Ya ce, "Ashe har da kai ka sani? To na rufa wa yayana asiri. Faya-fayai ne, sun fi talatin, kowanne a baƙar leda, babu bango babu suna. Ka san irin su. Na kakkarya su ɗaya bayan ɗaya, an zubar."

Na ce, "Kun saka ko ɗaya kun gani?"

Ya ce, "A'uzubillahi! Ni zan kalli wannan ƙazantar?"

Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Mutum ya yanke wa yayansa hukunci, ya zartar, ya kira shaidu uku su riƙe masa leda, kuma yana jin lada ya samu!

Bari in faɗa muku wane ne kuka binne, tunda ga alama kun manta.

Magana ɗaya ce a bakin Baba, kowa ya haddace ta har ana kwaikwayonsa da ita: "Buɗe ka gani." Idan muka shiga kasuwar tufafi ta Baima, mai shago ya turo dila a ɗaure yana ta "lawban, lawban", wato maigida, Baba ba ya ko murmushi. Sai ya zaro 'yar wuƙarsa ya yanke igiya, ya zura hannu har tsakiyar dilar ya ciro riga, ya juya cikinta, ya ja ɗinkin hammata da ƙarfi. Masu shaguna sun tsane shi da farko, daga baya suka koma ajiye masa kujera. Faɗa ɗaya muka taɓa yi da shi a shekara goma sha ɗaya da na yi ina auren 'yarsa, kuma a kan wannan ne. Na karɓi katan ashirin na riguna a rufe saboda ina sauri, aka buɗe a wurin lodi aka tarar duk na yara ne. A gaban leburori ya wanke ni tas. Ya ce, "Malam, Allah ya ba ka ido biyu, ka ajiye su a masauki ka fito kasuwa?" Kwana uku ban iya haɗa ido da shi ba. Rana ta huɗu ya aiko mini da kunun gyaɗa da ya dama da kansa a tukunyar lantarki, shi ke nan faɗa ya ƙare.

Baffa da kansa, wa ya kawo shi China? Wa ya zaunar da shi ya koya masa yadda ake gane yadi mai zuba da wanda ba ya zuba? Ɗan Kumasi da ya riƙe leda, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi sati biyu, wa ya riƙa wanke masa kaya a bokiti yana shanyawa a taga? Dattijo mai shekara kusan saba'in! Duk sun sha "buɗe ka gani" har ta gundure su. Sun buɗe dilar safa, sun buɗe katan ɗin silifa, amma da aka zo kan mutuncinsa babu wanda ya buɗe.

Ga abin da ke cikin kwalin, kuma ni shaida ne don da ni aka sayo rabinsu.

Matata kurma ce. Ba haka aka haife ta ba, sanƙarau ne ya ɗauke mata ji tana shekara bakwai. Sunan mahaifiyar Baba ta ci, don haka "Uwata" yake ce mata. A lokacin bai fara kasuwanci ba, yana aikin haska fim ne a wata silima a Kano wadda yanzu ta zama kango. Ya ba ni labari cewa bayan ciwon, yarinyar ta yi wata shida ba ta yi dariya ba, ba ta wasa, sai dai ta zauna tana kallon bakin mutane. Wata rana da rana ya ɗauke ta zuwa ɗakin haskawa don babu mai riƙe ta a gida. A cikin tsofaffin gwangwanayen fim da aka jibge akwai wani na zane, irin wanda Turawa suka yi zamanin yaƙin duniya na biyu. Ya ɗora shi don ta samu abin kallo ta bar shi ya share inji.

Irin waɗannan fina-finan ba labari ɗaya ba ne. Guntu-guntu ne, bakwai ko takwas a haɗe, kowane guntu da kiɗansa, magana kusan babu. Baba ya ce dalili shi ne yaƙi ya kwashe masu zanen, wasu an kai su soja, wasu an sa su aikin gwamnati, waɗanda suka rage ba su isa su yi dogon fim ba, sai suka riƙa haɗa ƙanana kamar yadda tela ke haɗa ƙyallaye ya fitar da bargo. Abin da ya lura da shi kuma, wanda ni ban taɓa lura ba sai da ya nuna mini, shi ne an zana komai ne a kan bugun kiɗan. Ganga ta buga, ƙafa ta sauka. Sarewa ta hau, abu ya tashi sama. A wani guntu, allura ce da zare suke rawa a kan teburin tela bayan ya fita cin abinci, maɓallai suna bin su a layi. Baba ya ce yana cikin share inji ya ji tafi. Ya waiwaya, ga Uwata tana tafa hannu daidai da kiɗan da ba ta ji, tana dariya har da hawaye. Ya ce, "Malam, a ranar na san 'yata ba ta rabu da kiɗa ba, hanya kawai ya sake."

Silimar ta mutu, gwangwanayen suka bi 'yan gwangwan. Shekara talatin yana cigiyar fim ɗin allurar nan, bai san sunansa ba, don ba ya karanta Turanci.

Ni ban san duk wannan ba sai da muka fara zuwa Guangzhou tare. A lokacin faifan sidi ya cika garin, ko'ina ka juya ana sayarwa. Wata Asabar bayan azahar ya kira ni, yana kallon gefe saboda kunyar surukuta, ya ce, "Malam, in ba ka da aiki ka raka ni Tianhe, idona ba ya ganin ƙananan abubuwa." Na ɗauka rediyo zai saya. Muka hau bene na uku na wata kasuwar kayan lantarki, ya tsaya gaban wata mata mai faya-fayai. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Ya zaro allura daga hularsa, ya riƙe ta a tsaye a kan kanta, ya fara yi mata rawa da ita yana kaɗa kai. Dattijo da furfura, da babbar riga! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Meyo, meyo," wato babu. Amma ta gane irin abin da yake nufi, ta shiga ciki ta fito da tsofaffin fina-finan zane guda huɗu a baƙar leda, don a baƙar leda suke ba da kowane faifai, ko na karatun yara ne. A hanyar dawowa cikin mota ya ba ni labarin da na ba ku.

Daga nan ya zama kowane zuwa sai mun je. Matar ta riƙa ajiye masa duk wanda ta samu, tana hango mu za ta ɗaga yatsa tana rawar allura. Bangon faifan kuwa, shi yake cirewa ya zubar tun a kasuwa, saboda a ɗakin yake salla kuma ba ya son hotuna a inda yake sujada. Ga amsar "babu bango" ɗinka, Baffa. Sai ya ɗaura wa ledar zare: ja na nufin ya duba ya yi, baƙi kuwa na nufin surutu ya yi yawa, Uwata ba za ta bi ba.

Yadda yake dubawar kuma shi ne ya ƙarasa kashe shi a bakin mutane. Bayan la'asar yakan ja labule, ya kunna na'ura, ya kashe sautin gaba ɗaya, ya zauna yana kallo shiru. So yake ya ga abin da za ta gani. Idan ya iya kama kiɗan da ido har ƙafarsa ta fara bugawa, fim ya ci jarrabawa. Ashe maƙwabtanmu na bene sun daɗe suna ganin hasken talabijin ta ƙasan ƙofa babu sauti, suna ƙiftawa juna ido. Shekara biyu! Shekara biyu suna bin sa salla, don shi ke ja mana jam'i, suna cin tuwonsa, kuma babu namiji ɗaya da ya ƙwanƙwasa ya ce, "Alhaji, me kake kallo?" Da ya jawo masa kujera.

Ban wanke kaina ba. Ni na san gaskiya, kuma na yi shiru da ita saboda ya ce kada in faɗa, yana so ya tara su ya kai mata gaba ɗaya da na'urar, ranar da ya samu na allurar. Kuma, in faɗi gaskiya, kunya nake ji a ce surukina yana kallon katun. Da na taɓa ba da labarin sau ɗaya a wurin shan shayi, da an yi dariya an wuce, da kwalin yana Kano yanzu.

Sati ɗaya kafin rasuwarsa ya tare ni a matakala, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Ya ce, "Malam, na same shi." Abin da ya faɗa ke nan, ya wuce alwala.

Wannan maganar ce ta faɗo mini ina tsaye gaban Baffa. Na bar shi a nan, na haura ɗakin Baba da gudu. An naɗe katifa, an ɗaure akwatuna, na'urar tana gefe an nannaɗe mata waya. Na jona ta, na danna. Ta turo faifai ɗaya. Bai zo wa Baffa a rai ya duba cikinta ba.

Na ɗauko na'urar da talabijin ɗin na sauko da su ɗakin makoki, ana tsakiyar addu'a. Na dire su a kan tabarma. Ɗan Maraɗi ya ce, "Subhanallahi, a nan?" Wasu suka fara neman takalmansu. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Wallahi babu mai fita. Kun ce ba ku ga komai ba, to yau za ku gani." Ban taɓa ɗaga murya a gaban manya ba sai ranar, kuma ban yi nadama ba.

Na kunna, na kashe sautin kamar yadda yake yi. Manyan mutane goma sha huɗu, da carbi a hannu, suka zauna suna kallon kwaɗi suna buga ganga a bakin tafki, sannan riguna a kan igiyar shanya suna rawa da iska. Ina tsaye ina ba su labarin Uwata. Ɗan Kumasi ya rufe fuska da hularsa ya fashe da kuka yana cewa, "Masa, ni na riƙe ledar, ni na riƙe." Wanda ya yi mini wa'azin zunubi mai kama da tudu bai ɗago kai ba har aka gama.

Baffa fa? Cewa ya yi, "To ai niyyata alheri ce. Kowa ya ga baƙar leda abin da zai zata ke nan."

Na ce, "Baffa, kun gaya wa wani a gida?"

Ya ce, "Matata kawai, a waya. Don ta taya shi da addu'a."

Matarsa kawai! Duk wanda ya san gidanmu ya san an gama. Na koma Tianhe washegari ko zan maye gurbin abin da aka karya. Matar ta hango ni ta ɗaga yatsa tana dariya, ta leƙa bayana tana neman tsohon. Na kwantar da kaina a tafin hannu na rufe ido, ta gane. Na nuna mata faifan, na nuna yatsa biyu, don waɗannan fina-finan faifai biyu-biyu suke zuwa, na biyun kuma yana cikin waɗanda Baffa ya karya. Ta juye akwatunanta duka a gabana, ta ce, "Meyo." Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Da na iso Kano, maganar ta riga ni da sati uku. Ta zaga unguwa, ta shiga gidajen suna, ta je har masallacin da ya yi shekara arba'in yana sahun gaba. Mutum ɗaya ce ba ta shiga kunnenta ba, amma matata ba ta buƙatar kunne. Tun tana shekara bakwai take karanta fuska. Ta ga yadda mata ke shigowa gaisuwa su yi shiru in ta juyo, ta ga leɓe yana motsi a bayan mayafi, ta ga tausayin da ba irin na maraici ba. Ban ko ajiye jaka ba ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta yi alamar gemu, wadda ita ce sunan Baba a maganarmu ta hannu, sannan ta buɗe tafukanta biyu. Me Baba ya yi?

Na jona na'urar, na saka faifan, na zaunar da ita. Na nuna mata talabijin na ce da hannu: wannan ya yi.

Ta kalli kwaɗin, ta kalli rigunan, tana dubana ba ta gane ba. Sai ga teburin tela. Tela ya ajiye almakashi ya fita. Allura ta miƙe tsaye. Matata, uwar 'ya'ya huɗu, ta dafe bakinta da hannu biyu. Allura ta taka, zare ya biyo ta, maɓallai suka shiga layi, sai na ga hannayenta sun sauko daga bakinta sun fara tafi, a hankali, daidai da bugun. Ba ta kuskure ko ɗaya ba. Hawaye yana zuba, tana dariya, tana tafi.

Ba a yi minti biyu ba allon ya koma shuɗi. Faifan farko ya ƙare a tsakiyar rawar. Ta juyo da sauri ta miƙo mini hannu, tana juya yatsa: ɗayan, kawo ɗayan.

Shi ya sa na rubuta wannan, kuma na roƙi a karanta shi a duk gidan da maganar ta shiga, a karanta da ƙarfi yadda aka yaɗa waccan. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba, ya saka masa da abin da ya yi wa 'yarsa. Baffa kuwa ya aiko sau biyu a ba ni haƙuri. Na ce ba ni zai ba haƙuri ba. Sai dai ya zo gidan da kansa, ya zauna a gabanta, ya gaya mata da hannunsa inda ya kai ɗayan faifan. Har yau bai zo ba, ita kuma har yau in ta kalli faifan har allon ya koma shuɗi, sai ta ɗan jira kafin ta kashe.